Sa Hannu

Shekara talatin da ɗaya ina akawu a Hukumar Ruwa,
alƙalamina bai taɓa kauce wa layi ba.
Sifilina zagaye kamar bakin ƙoƙo,
bakwai ɗina tsaye kamar sandar makiyayi.
Yau kofin shayi ya fi ƙarfina,
rabi a baki, rabi a gaban riga,
cokali na kaɗa wa faranti kalangu ba biki ba suna.
Likita a Barau Dikko ya kira ta da sunan wani Bature, Fakinsan,
mu a Tudun Wada muna ce mata karkarwa.

Ran Talata Barira ta ɗauko ni a keke mai ƙafa uku
zuwa ofishin inshora, can hawa na biyu.
Matakala goma sha tara, na ƙirga, halin akawu.
A ta shida ƙafata ta kafe kamar an dasa ta,
mutane na raɓawa suna sannu Baba,
ni ina lallashin ƙafar da na haifu da ita
ta taimaka ta yi gaba ba tare da faɗuwa.

Yarinyar kan teburin mai ladabi ce, ba zan mata ƙazafi ba.
Ta ce, magani yana ciki, amma wani sashe.
Ganin likita yana ciki, sau huɗu a shekara.
Na ce, mai saka mini maɓallin riga fa?
Mai juya ni ƙarfe uku na dare
in jiki ya sandare kamar tsohon katako?
Ta buɗe shafi na tara,
ta aza farce kan baƙaƙe ƙanana kamar ƙwayar gero:
ba ma ɗaukar doguwar jinya, Baba,
ba ma biyan mai kulawa.

Sai ta miƙo biro, in sa hannu cewa na fahimta.
Na fara Tanimu da girmansa,
kafin in kai Jibo ya ƙanƙance ya zama sawun tururuwa.
Ta duba na da, ta duba na yau,
ta ce na'ura ba za ta yarda mutum ɗaya ne ba.
Na'ura ta yi gaskiya.
Aka kawo tawada na dangwala yatsa,
ni da na koya wa yara goma sha biyu rubuta baucan biya.
Barira ta juya tana kallon taga, wai hadari take dubawa.

Da dare na yi lissafi a ka, tunda takarda ta ƙi ni.
Fansho dubu talatin da takwas, in ya zo.
Ɗan gidan Jatau ya ce zai riƙa kwana da ni a dubu arba'in.
Magani bai shiga ba, wuta ba ta shiga ba.
Kowace hanya na bi, jan biro ne a ƙasa.
Saura Kuluwa.
Kuluwa mai gwiwar da ke ƙara in za ta ruku'u,
ita ke riƙe mini buta, ita ke share mini haɓa
tana ba ni labarin tsadar tumatir don kada in ji kunya.
A wane gurbi zan rubuta ta?
Wa ya yi mata inshora, in ita ma ta kai ga gazawa?

Barira ta ce za ta ajiye koyarwa a Kawo ta dawo gida.
Na ce a'a, muryata ba ta fita sosai yanzu,
sai na maimaita har sau uku.
Ba a cire jinkar ɗaki don a rufe rumbu.

Da asuba Kuluwa ta saka mini maɓalli huɗu.
Na riƙe hannunta, na ce bar mini na wuya.
Mai koko ta zo ta wuce, 'yan makaranta sun wuce,
rana ta hau katangar maƙwabta,
ni da maɓalli muna nan, kowa ya ƙi sakin wani.
Ta zauna bakin gado tana tsince shinkafa,
ba ta ce kawo ba,
ba ta kuma daina satar dubawa.